Ina Ɗalibi Zai Kwana?

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar jami'a cikin makon farko na sabuwar shekarar karatu zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Zai ga samari da 'yan mata a gindin itatuwa, kowa da akwatinsa da bokitinsa da katifa a naɗe an ɗaure ta da igiya. An ba su gurbin karatu, sun biya kuɗin rajista, har an ɗauki hotonsu na katin shaida, amma in rana ta faɗi ba su san inda za su sa haƙarƙarinsu ba. Wani daga Gashuwa ya taso, wata daga Yawuri, wani kuma daga Wukari. A gida an sayar da buhunan hatsi, ko an kai ɗan bijimi kasuwa, an yi musu addu'a an sallame su a kan sun tafi makaranta. Ba wanda ya gaya wa iyayen cewa da rana kaɗai makarantar za ta riƙe musu yaro, da dare kuwa sai ya san ta kansa.

Mu da muka riga su zuwa mun san wannan tsayuwa, domin mun yi ta. A shekararmu ta farko, mu huɗu 'yan gari ɗaya, kwana 11 muka yi muna shimfiɗa a barandar wani ɗakin lacca, kayanmu kuwa suna ajiye wurin wani mai shayi da ya tausaya mana. Daga baya wani dillali ya kai mu wani gida can bayan gari, ya nuna mana ɗaki ta taga, ya ce makulli yana wurin mai gida, mu ba da kafin alƙalami kada wasu su riga mu. Muka bayar. Kashegari da muka komo da kayanmu sai muka tarar da wasu ɗalibai biyu a ciki, su ma shi ya kai su. Ba rasit, ba shaida, ba inda za mu kai ƙara. Ba mu kawo wannan labari don a ji tausayinmu ba. Mun kawo shi ne don kusan kowane mai karanta wannan mujalla yana da irinsa, kuma abin da ya zama ruwan dare haka ya wuce a kira shi tsautsayi.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka zo nan. Sa'ad da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, an tsara ta ne bisa ga tafarkin tsofaffin jami'o'in Ingila, inda ɗalibi yake kwana, yake ci, yake karatu duk a wuri ɗaya. Da wannan tunani aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba 1962, da ɗalibai 426. Gidajen kwana irin su Amina da Suleiman da Ribadu da Ɗanfodiyo a Samaru, a wurin waɗanda suka gina su, sashe ne na makaranta daidai da laburare da ɗakin gwaje-gwaje. Iyayenmu da suka yi karatu a wancan zamani har yau suna ba mu labarin ɗaki na mutum ɗaya ko biyu, da abinci sau uku, da wanki da guga.

A 1975 gwamnati ta ƙara kafa manyan makarantu bakwai masu matsayin jami'a, cikinsu har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Ɗalibai suka yawaita, kuɗin mai kuwa ya fara ja da baya. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara kuɗin abinci daga naira 1.50 zuwa naira 2 a rana, aka kuma ƙara na ɗaki. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta ce ba ta yarda ba, aka yi boren nan da har yau ake tunawa da shi da sunan Kwamishinan Ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Ya kamata mu lura da abin da ya fitar da magabatanmu titi: ci da kwana. Sun gane cewa ranar da aka raba ɗalibi da kwanon abincinsa da gadonsa, ɗan talaka ne zai fara barin makaranta.

Tsakiyar shekarun 1980 aka soke ciyarwa gaba ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya daƙile gine-gine. Tun daga nan yawan ɗalibai yake ta hawa, yawan gadaje kuwa yana tafiyar hawainiya. A 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu don ya binciko bukatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa gadajen da ke cikin makarantu ba su ɗauki fiye da ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Watau tara cikin goma an sallama su ga gari. Wannan shi ne asalin cikar unguwanni irin su Hayin Dogo a Samaru, da Ɗanbare da Rijiyar Zaki a Kano, da Mairi a Maiduguri. Jami'a ta biyu ce ta tsiro a gefen kowace jami'a, wadda ba ta da shugaba, ba ta da doka, ba ta da mai gadi.

To, yaya kasuwar take tafiya? Mai neman ɗaki ba ya ganin mai gida sai ya bi ta hannun dillali. Dillali zai karɓi kuɗin zagaye tun kafin ya nuna maka komai. In an daidaita, yana da la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, wani ma ya ƙara da kuɗin rubuta takarda da kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ba safai ake mayar da shi ba. Mai gida kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule. Mu ɗauka, don misali kawai, ɗaki naira 150,000 ne. Da la'ada ya zama 165,000. Ɗalibin da ya dace ya sami bashin karatu na gwamnati, wanda dokar 2024 ta kafa, an yanka masa naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Sai ya tara na wata takwas cur har da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya ɗakin nan. Ƙaramin ma'aikaci da ke kan albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000, wanda aka amince da shi a 2024, sai ya haɗa albashin wata biyu bai kai ba. Kuɗi yana shigo wa ɗalibi da ma'aikaci wata-wata, ana neman sa a hannunsu shekara-shekara. A nan ne bashi yake fara cin mutum.

Kuma kuɗin haya somin taɓi ne. Wanda ya rasa ɗaki kusa sai ya nausa nesa, inda ya fi sauƙi, sa'an nan ya biya bambancin a hannun mai Adaidaita Sahu da ɗan acaɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin zuwa da komowa ya zama hayar ɗaki ta biyu. Mun san abokan karatu da suke zaɓen laccar da za su halarta bisa ga abin da ke aljihunsu. Ga kuɗin 'yan garuwa, domin gidajen da yawa ba famfo ba rijiya. Ga faɗan kuɗin wuta kowane ƙarshen wata, alhali wutar ba ta zama. Ɗalibin da ke cikin makaranta zai iya zama laburare har a rufe. Na cikin gari kuwa da la'asar sakaliya hankalinsa ya koma kan hanya. Jarrabawa ɗaya za su zauna, takarda ɗaya za a ba su, amma ba lokaci ɗaya aka ba su na shiri ba.

Daɗin daɗawa, kalandar mai gida ba ta san yajin aiki ba. A 2020 malaman jami'a sun yi wata tara ba su shiga aji ba. A 2022 sun sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas. Ɗalibai suna gida, ɗakuna suna kulle, haya tana ci. Da aka komo, da yawa sun tarar wa'adinsu ya cika, sai sabon biya. Digiri na shekara huɗu ya ci hayar shekara biyar ko shida, kuma ba wanda ya sa wannan asara cikin lissafi sa'ad da ake zaman sulhu a Abuja.

Abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne rai. A farkon Oktoban 2012 'yan bindiga sun shiga unguwar Wuro Patuji a Mubi, inda ɗalibai suke haya, suka kashe mutum fiye da 20. Ran 22 ga Satumba 2023 aka kwashe ɗalibai fiye da 20 na Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida. Ko mako biyu ba a yi ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Ba mu ce katangar makaranta tana hana kowane sharri ba, domin an sha tsallaka ta. Amma ɗalibin da ke cikinta aƙalla an san sunansa da lambar ɗakinsa, akwai mai gadi, akwai wanda za a tambaya. Na waje kuwa, in ya ɓace, sai abokin ɗakinsa ya lura tukuna.

'Yan'uwanmu mata su suka fi kowa shan wannan wahala. Akwai masu gidaje da ba sa ba budurwa haya ko nawa za ta biya. Wadda ta samu kuwa tana zaune ne ƙarƙashin idon unguwa, fitarta abin magana, dawowarta daga laccar yamma abin magana. Uba da yawa ya yarda 'yarsa ta yi jami'a bisa sharaɗi ɗaya, watau ta zauna cikin makaranta. In gado bai samu ba, karatun ya ƙare tun bai fara ba. Muna yawan jin jawabai a kan ilimin 'ya'ya mata a Arewa. Wanda yake da gaske, ga hanya mai sauƙi ta nuna gaskiyarsa: ya gina musu wurin kwana.

Sai dai adalci ya wajaba ko a kan wanda ake ƙara. Ba kowane mai gida ba ne azzalumi. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne, masinjoji da direbobi da malaman firamare, waɗanda suka zuba kuɗin sallamarsu cikin ɗaki shida ko takwas don su sami abin cefane, tun da fansho ba ya zuwa kan kari. Siminti ya yi tsada a kansu kamar yadda gari ya yi tsada a kanmu. Da ba su gina ba, da ba mu san inda tara cikin goman nan za su kwana ba. Har ila yau akwai dattawan da suka riƙe ɗalibai kamar 'ya'yansu, suka yi haƙuri da jinkirin biya, suka kai marar lafiya asibiti da tsakar dare.

Mu ma muna da namu kashi a gindi, kuma wannan mujalla ba za ta ɓoye shi ba. Wane ne yake karɓar gado a farashin makaranta ya sayar wa ɗan'uwansa ninki biyar? Ɗalibi ne. Wane ne yake cika ɗakin mutum huɗu da 'yan raɓe har goma, yana karɓar kuɗi a hannunsu, har makewayi ya toshe? Ɗalibi ne. Wane ne yake gama shekararsa ya tsere da bashin wuta, ya bar ƙofa a ɓalle, ya sa mai gida ya rantse ba zai ƙara ba ɗan makaranta ɗaki ba sai da kuɗin ajiya? Kuma a cikin shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai a ƙasar nan, nawa ne suke mayar da rabon gado hanyar sakayya ga 'yan kamfe? Wanda ya yi cuwa-cuwar gado yana shekara 21, ba mu ga abin da zai hana shi cuwa-cuwar filaye ba in ya zama babban sakatare. Ba za mu iya neman gaskiya a wurin dillali muna yin dillancin juna ba.

Abin mamaki shi ne, saukar da mai neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, wadda ta zama masaukin 'yan ƙasarsu masu karatu da masu wucewa aikin hajji. A birnin Zazzau da Kano da Katsina, ɗalibin da ya zo ɗaukar karatu wurin malami a zaure ko soro ake sauke shi, attajirin unguwa ya ɗauki nauyin tuwonsa, ba a ce ya kawo na shekara ba. Falke ma in ya sauka a zango yana da fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya tsare masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Kakanninmu sun san cewa baƙo ba ya zama sai da mai masauki da zai amsa sunansa. Mu ne muka tara dubban baƙi a gefen gari muka ce kowa tasa ta fisshe shi.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, mun fara da wanda ba ya bukatar ko kwabo daga Abuja.

Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai tare da Ofishin Harkokin Ɗalibai su buɗe rajistar gidajen haya. A zauna da masu unguwanni da dagatai, domin su suka san kowane gida da mai shi. Duk mai gidan da ya yarda a duba ruwansa da makewayinsa da ƙofarsa, a sa sunansa da farashinsa a jerin da za a manna a allo, a kuma sa a shafin intanet na ƙungiya kafin sababbin ɗalibai su iso. Dillalin da ya yarda da la'ada ɗaya tsayayya a ba shi katin shaida. Wanda ya ci kuɗin ɗalibi a cire sunansa, a sanar. Ta haka mai gidan kirki zai sami ɗan haya ba wahala, macuci kuwa kasuwarsa ta mutu.

Na biyu, a fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya, shafi ɗaya, da Hausa da Turanci. 'Yan'uwanmu na Tsangayar Shari'a suna iya tsara ta da taimakon malamansu. Ta faɗi kuɗi, da ranar shiga da ta fita, da wanda zai gyara abin da ya lalace, da yadda za a mayar da kuɗin ajiya, da abin da za a yi in an rufe makaranta fiye da wata biyu. Kada ɗalibi ya ƙara ba da ko sisi ba rasit.

Na uku, a nemi biyan haya zango-zango. Jihar Legas tun 2011 ta yi dokar da ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya. Majalisun jihohinmu suna iya duba irin wannan doka su daidaita ta da halin garuruwan da ke da manyan makarantu. Kafin nan, ƙungiya tana iya tsaya wa ɗalibi a matsayin mai lamuni wurin masu gidajen da ke cikin rajista, su karɓi rabi a farkon kowane zango.

Na huɗu, rabon gadajen da ke akwai ya fito fili. A faɗi yawansu, a faɗi nawa aka ware da dalilin warewa, a manna sunayen waɗanda suka samu. A fara da naƙasassu, da 'yan shekarar farko, musamman mata da waɗanda suka zo daga nesa, sa'an nan 'yan shekarar ƙarshe. Wanda aka kama ya sayar da gado a ƙwace, kada a ƙara ba shi har ya gama.

Na biyar shi ne babba: a yi gini. Jami'o'inmu na Arewa ba su rasa fili ba. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993, bayan yajin aikin malamai na 1992, wanda ya zama TETFund a 2011, ya gina manyan ɗakunan lacca a ko'ina, muna godiya. Muna roƙon a sa wurin kwana a sahu ɗaya da su. Gwamnatocin jihohi suna iya gina gidaje don 'ya'yansu a jami'o'in da suka fi yawa. Tsofaffin ɗalibai da attajirai suna iya yin wakafi, kamar yadda mutanen Kanem suka yi. In za a ba 'yan kasuwa fili su gina su ci moriya na waɗansu shekaru kafin su miƙa wa makaranta, to a rubuta iyakar abin da za su caja tun a takardar farko, in ba haka ba sai a wayi gari an gina otal a cikin jami'a, ɗan talaka yana kallo daga waje. Kuma duk jami'ar da za ta ƙara yawan waɗanda take ɗauka, ta faɗa wa jama'a gado nawa ta ƙara.

Muna da kalma ɗaya ga yayyenmu ƙananan ma'aikata da suke karanta mu. Ku da mu layi ɗaya muke bi wurin dillali ɗaya, kuma duk sa'ad da ɗalibai uku suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki, farashin ya tashi a kanku. Wahalarmu ba ta rabu da taku ba. Bayan haka, waɗansunku suna zaune a ma'aikatun filaye da gidaje da ilimi, fayilolin da suka shafi wannan magana ta teburinku suke bi. Kun kwana a baranda kamar yadda muka kwana. Kada kujera ta mantar da ku.

Ba mu neman a komo da wanki da guga na zamanin iyayenmu, mun san ƙasa ta sake, mutane sun yawaita. Abin da muke nema bai wuce ɗaki mai ƙofa da makulli ba, da ruwa, da takarda a hannu, da tazarar da ƙafa za ta iya ci kafin laccar ƙarfe takwas. Rajista da yarjejeniya da rabon gado a fili duk suna cikin ikon wannan ƙungiya, kuma ana iya gama su kafin a sake ɗaukar sababbin ɗalibai. Muna kira ga majalisar wakilanmu ta sa su a gaba a zamanta na farko, mu kuma za mu buga abin da ta yanke a fitowa ta gaba, ko ta yi ko ba ta yi ba. Ƙannenmu suna nan tafe da katifunsu. Allah Ya sa su tarar da mu mun shirya.